Trioxane da hexamine: uwa ɗaya, hali daban

Malam, ka ce ɗalibanka na sakandare a can wajen Ringim sun tambaye ka ko trioxane da hexamine abu ɗaya ne, tunda dukansu farare ne kuma daga formaldehyde ake samo su. Ba ɗaya ba ne.

Trioxane zallar formaldehyde ne. Idan aka ɗumama ruwan formalin mai kauri (wato formaldehyde a cikin ruwa) da ɗan asid, ƙwayoyin formaldehyde 3 sai su haɗe su zama zobe mai kusurwa 6, kabon da oksijin suna bin juna: C3H6O3. Hexamine kuwa sai an kawo ammoniya. Formaldehyde 6 da ammoniya 4, ruwa ya fita, a samu C6H12N4, zobba 4 a sarƙe kamar ɗan keji. Wani ɗan Rasha, Aleksandr Butlerov, shi ya fara haɗa shi a 1859.

A wajen zafi ne halinsu ya fi rabuwa. Trioxane yana narkewa a wajen digiri 62, ya tafasa a 115, kuma ko bai narke ba yana bin iska. A bar shi a buɗe a ɗaki mai rufin kwano cikin bazarar Jigawa, kullum raguwa zai yi ta yi. Hexamine ba ya narkewa da wuta, sai ya kai wajen digiri 280 ya zama tururi kai tsaye. Amma ruwa yana narkar da shi nan da nan, don haka damina ce abokiyar gabarsa.

Yawancin trioxane a masana'antar roba yake ƙarewa, robar POM mai tauri da ake yin zif da ƙananan giyar inji da ita. Hexamine har asibiti ya shiga: shi ne methenamine na ciwon mafitsara, domin a fitsari mai tsami yakan saki formaldehyde ya kashe ƙwayoyin cuta.

Dukansu suna cin wuta ba hayaƙi sosai. Sojojin Amurka sun ɗumama abinci da trioxane, ƙwayar hura wuta ta Esbit ta Jamus kuma hexamine ce. Kada dai wani yaro ya kunna su a cikin ɗaki, iskarsu guba ce, ta hexamine ma ta fi muni saboda naitirojin ɗin da ke cikinsa.

A ganina ka fara musu da trioxane a allo, ya fi sauƙin zanawa. Shi hexamine sai ka ɗaura shi da karan dawa da ƙwallayen laka 10, 4 naitirojin, 6 kabon.