Sola haɗaɗɗiya ko ta daki-daki: wadda zan ce ka saya

Malam, tsakanin akwatin sola da ke zuwa a haɗe da kayan da ake saye daki-daki, shawarata ita ce ka ɗauki na daki-daki. Sai dai ka lura da kalmar "antegire" da masu shaguna ke yawan faɗa, domin ba abu ɗaya suke nufi da ita ba. Wani yana nufin akwati guda da aka rufe batir da regilatar (mai daidaita wutar da ke shiga batir daga panno) da ondilar (mai juya wutar batir ta zama irin ta gida) a cikinsa, wani yana nufin fitilar tsakar gida wadda panno da batir ke manne a jikinta, wani kuma yana nufin ondilar da ke karɓar wutar rana da ta kuran tana sauyawa tsakaninsu da kanta. Wannan ta ukun ba ni da ja da ita, tunda batir da panno suna waje, kana iya canza kowanne idan ya gaji.

Ni na haɗa tawa a 2023, bayan da Nijeriya ta yanke wutar da take ba mu a watan Agusta, muka shiga kwana cikin duhu a nan Damagaram. Panno biyu ne, da batir biyu, da regilatar irin da ake kira MPPT, wadda ta fi irin da ake kira PWM tatso wuta daga panno. A bazarar da ta wuce regilatar ta ƙone da azahar, ga tsohuwata kwance ba ta da lafiya, zafi kuma ya kai inda ya kai. Na kira yaron da ya haɗa mini, ya zo daga Zango a kan babur, ya kwance regilatar, ya tafi kasuwar Dole ya kawo wata, kafin a kira magariba fanka tana juyawa a kan tsohuwar har barci ya ɗauke ta. Abu ɗaya ne ya lalace, kuma shi kaɗai na biya.

Akwai kuma maganar zafi, wadda a wurinmu ita ce babba. Batirin dalma yana son digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 a kan haka yana rage kusan rabin kwanansa, alhali Afrilu da Mayu nan suna haura 40. Nawa suna cikin ɗakin ƙasa, a kan katako, inda iska ke ratsawa. Wanda ke cikin rufaffen akwati kuwa yana shan zafin gari, yana kuma shan na ondilar da ke gefensa.

Akwatin na taɓa sayen ɗaya kafin wannan. Yana da sauƙin ɗauka kuma ba ya bukatar mai haɗawa, iyakar abin da zan yabe shi ke nan. Da batirinsa ya mutu ban sami wanda ya yarda ya buɗe shi ba.

Ka yi hattara da marasa tsoron Allah cikin masu sayarwa, domin ana liƙa wa batir da panno takardar ƙarya. Batirin dalma mai bolt 12 da amper 100 na gaskiya yana kai wajen kilo 30, saboda haka idan ka ɗaga shi da hannu ɗaya ba tare da nishi ba, ka ajiye musu abinsu. Ka je da mai haɗa sola da ka amince da shi ya auna panno a cikin rana a gabanka, kuma kada ka miƙa kuɗi sai an rubuta maka garanti a jikin takardar saye.