Katakon Loko a Wata Rumfa ta Kasuwar 'Yan Katako da ke Na'ibawa

Duk wanda ya taɓa gini a Kano ya san cewa gara ce babbar abokiyar gabar ƙofa da taga, shi ya sa loko, wanda 'yan kasuwa suka fi kira iroko, yake da daraja a bakin kafintoci. Sai dai ba kowane falanki da aka kira loko ne loko ba, kuma ko a jikin na gaskiyar akwai sashen da bai cancanci kuɗin da ake biya ba. A wata rumfa ta kasuwar 'Yan Katako da ke Na'ibawa na sayi katakon ƙofofin gidana, kuma da waɗannan abubuwa biyu na auna ta.

Loko bishiyar kurmi ce, daga dazuzzukan kudu irin na Ondo da Edo da Kuros Riba ake yi mana safarar katakonta. Masana tsirrai suna kiranta Milicia excelsa, kuma danginta ɗaya da ɓaure da durumi da ceɗiya, shi ya sa idan aka sari ɓawonta take tsatso farin ruwa kamar madara. Tana iya kai tsayin mita 50, gangar jikinta a miƙe sambal, sau da yawa har mita 20 kafin a ga reshen farko. Wannan halitta ce take sa a samu falanki dogo mai faɗi wanda babu ƙulli a jikinsa, kuma a nan rumfar ta burge ni ƙwarai, domin akwai falankan da ɗaya ya isa rabin ƙofa ba tare da haɗi ba.

Mai rumfar bai jira na nuna shakka ba. Ya ce, "Malam, matso ka gani da idonka," ya sa wuƙa ya kankare gefen wani falanki da ya yi duhu, sai ga cikinsa rawaya fes. Haka loko yake: sabon yanka rawaya ne, iska da haske ne suke mayar da shi ruwan ƙasa mai ƙyalli, kuma jijiyoyinsa a sarƙe suke, har suna fitar da ratsi-ratsi bayan an goge. Ya kuma gargaɗe ni cewa akan samu dunƙulen sinadari mai tauri, irin na farar ƙasa, a ɓoye cikin itacen, wanda yake dakusar da zarto da bakin injin gogewa, kuma ƙurarsa tana sa tari da ƙaiƙayin fata, saboda haka kafinta ya rufe hancinsa. Ɗan kasuwar da zai faɗa maka aibin hajarsa tun kafin ka biya ya cancanci yabo.

Inda rumfar ta gaza shi ne wajen tantance farin gefe. A ƙarƙashin ɓawon loko akwai sashe mai haske, kaurinsa 'yan santimitoci, kuma wannan sashe ba shi da juriyar ainihin cikin itacen, ƙwari suna huda shi cikin sauƙi. An ɗora mini wasu falankai masu farin gefe a kan farashin zalla, sai da kafintana ya ware su aka musanya. An musanya ba tare da gardama ba, amma mai sayen da bai san bambancin ba zai tafi da su gida yana ganin ya tsira daga gara. Haka nan ba duk kayan ne suka gama bushewa ba. Katakon da ya baro damshin kurmi yana bukatar a jera shi a inuwa, da tsinke tsakanin falanki da falanki, kafin ya fuskanci hunturun Kano. Ɗaya daga cikin ƙofofina ta buɗe siririyar kafa a mahaɗarta da sanyi ya shigo, alhali loko busasshe ba ya yawan motsi.

Farashin yana da nauyi, amma ban ga laifin rumfar ba a nan. Loko yana da wuyar shukawa a gandu, domin wani ƙaramin ƙwaro mai suna Phytolyma lata yana sa tohon dashen ya kumbura ya lalace. Ga shi kuma akwai bishiya namiji akwai mace, macen ce kaɗai take 'ya'ya, jemagu da tsuntsaye suna yaɗa irin. Don haka akasarin abin da yake iso mana daga manyan bishiyoyin daji aka sare shi, har ƙungiyar kare halittu ta duniya, wato IUCN, ta sa loko cikin itatuwan da suka kusa shiga barazana. Wannan yana damuna, kuma shi ya sa ban yarda a ɓarnatar da shi a aikin da malaina za ta iya yi ba. Mai son ƙofar waje ko firam ɗin taga ya je rumfa irin wannan tare da kafintansa, ya juya kowane falanki ya duba gefensa, ya kuma saya tun da wuri domin katakon ya sha iska kafin a fara aiki.