Faifan Different Trains: kiɗan da aka tatso daga bakin mutane

Kamfanin Nonesuch ne ya fitar da wannan faifai a 1989, kuma har yanzu ana samun sa a Spotify da YouTube. Kiɗa biyu ne a ciki, duka na Steve Reich, Ba'amurken da aka haifa a New York a 1936. Na farkon, Different Trains, mai tsawon kusan minti 27, shi ne dalilin sayen faifan.

Ni aikina tace sauti ne a gidan rediyo, wuni nake ina yanka maganar mutane ina haɗawa, shi ya sa dabarar mutumin nan ta kama ni. Babu mai rera waƙa ko ɗaya a ciki. Ya tattara muryoyin mutane da aka naɗa suna ba da labari da bakinsu, ya tsinto gajerun jimloli, ya bi yadda murya ke hawa da sauka, ya rubuta wannan hawa da saukar ta zama karin kiɗa. Sai ya miƙa wa 'yan Kronos Quartet, masu goge huɗu irin na Turawa. In mace ce ke magana, matsakaicin goge ke bin ta, in namiji ne, babban goge mai kaurin murya. Sau da yawa gogen kan riga faɗin jimlar, kafin mai ita ya buɗe baki ka riga ka san karinta.

Kiɗan ya ci kyautar Grammy a 1990, Turawa suka yi ta jinjina masa. Bahaushen da ya taso yana jin kalangu na kiran sunan mutum da kirarinsa a wajen biki ko rumfar mahauta ba zai ga baƙon abu sosai ba. Sai dai kalangu karin harshen da kowa ya sani yake bi, shi kuwa Reich karin bakin mutum ɗaya tak yake kwaikwayo, har da in-inar tsufa da ɗan jinkirin mai laluben shekara a ƙwaƙwalwa. Ya taɓa zuwa Gana a 1970 koyon gangunan ƙabilar Ewe, kuma kunnena na jin ɓurɓushin wannan a yadda yake maimaita abu har ya zauna.

Iyayen Reich sun rabu yana ɗan shekara ɗaya, uwa a Los Angeles, uba a New York. Daga 1939 zuwa 1942 ya riƙa kai-komo a jirgin ƙasa tare da mai rainonsa. Da ya girma sai ya tuna cewa shi Bayahude ne, da a Turai yake a shekarun nan da wani jirgin daban aka jefa shi. Kiɗan kashi uku ne. Kashi na farko Amurka ce kafin Yaƙin Duniya na Biyu: mai rainon da wani tsohon ma'aikacin taragun barci na kamfanin Pullman suna lissafa garuruwa da shekaru, usur ɗin jirgi na tashi da tsawo, goge na sassarfa kamar ƙafafun jirgi. Akwai daɗi, amma ya ɗan ja, mai gajen haƙuri zai iya ƙosawa.

Kashi na biyu ne wurin. Shekarun da aka ambata dai su ne ake sake ambata, amma yanzu daga bakin mutum uku da suka tsira daga kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa. Jiniya ta shigo ba ta fita, usur ya koma gajere mai tsini, ana maganar taragun shanu da aka cusa mutane a ciki, da aske kai, da lambar da aka tsaga wa mutum a hannu, da hayaƙi. Ba kuka suke ba, faɗa kawai suke, kuma gogen bai ƙara musu komai ba, abin da suka faɗa yake mayarwa. A sana'armu mukan shimfiɗa kiɗan tausayi ƙarƙashin mai labari don mu tatso hawaye. Reich bai yi haka ba, kuma nasa ya fi shiga jiki nesa ba kusa ba. A kashi na uku, bayan yaƙi, ɗaya daga cikin matan ta tuna wata yarinya mai zaƙin murya da Jamusawa ke sa ta waƙa, in ta tsaya su tafa su ce ta ƙara.

Inda na ga gazawa shi ne a kashi na biyun muryoyin kan nutse cikin jiniya da goge, ga Ingilishin masu maganar da nauyin harshen Turai. Wanda ya sayi faifan yana da takardar da aka rubuta kalmomin, mai saurare a waya sai ya nemo su a intanet tukuna. Kada kuma a kunna shi a lasifikar waya, domin an naɗi gogen hawa-hawa ne, rukuni kan rukuni, babban gogen ɓacewa yake gaba ɗaya. A sa abin kunne mai kyau.

Kiɗa na biyu a faifan, Electric Counterpoint, Pat Metheny ne ke kaɗa jita a kan wasu jitocin da shi da kansa ya riga ya naɗa, kamar minti 15. Kiɗa ne mai sanyi da haske, ba shi da aibu. Jera shi dab da labarin taragun nan ne bai kwanta mini ba, don haka nakan tsayar da faifan, in bar shi sai wata rana.