Jarin Ƙaramar Sana'a: Bashin Banki ko Adashi

Mutane da yawa suna ɗauka cewa babban jari ne ke tsayar da ƙaramar sana'a, shi ya sa suke hanzarin neman bashin banki. Bashin yana kawo kuɗi a dunƙule, amma a ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma suna ɗora nasu a kai, kuma dole a biya ko an yi ciniki ko ba a yi ba.

Adashi ba shi da ruwa, sai dai kwasar ba ta da yawa, kuma idan uwar adashi ta ci amana, sau da yawa babu takardar shaida. Duk da haka, ga sabon ɗan kasuwa a kasuwar Kantin Kwari ta Kano, ina ganin adashi ya fi, domin kasuwa kan yi sanyi wata da watanni.