Gargaɗi ga masu zuwa Umra: 'yan damfarar tikitin jirgin ƙasan Haramain sun ci mini riyal 2,750

Riyal 2,750 wasu marasa tsoron Allah suka karɓe mini da sunan tikitin jirgin ƙasan Haramain, jirgin nan mai gudu da ke kai mutane tsakanin Madina da Makka. Riyal 2,300 da farko, sai kuma 450 daga baya. Allah ya isa tsakanina da su. Ban yafe ba, kuma ba zan yi shiru ba, domin na tabbata a yanzu haka da nake wannan rubutu akwai wani bawan Allah da suke yi wa daɗin bakin da suka yi mini.

Kafin wani ya zo yana cewa kwaɗayin araha ne ya ja ni, ya sani babu ragin ko riyal ɗaya da aka yi mini. Ban je neman na banza ba. A wani shafin intanet na bogi, mai kama da na jirgin, na nemi tikitin. Na daɗe ina sayen tikitin jirgin sama ta intanet, ni nake saya wa 'yan gidanmu, ni ake kira idan wani ya rikice. Na san ana duba alamar kwaɗon nan da ke gefen adireshin shafi, na duba, tana nan. Tambarin jirgin yana nan. Tashoshin nan biyar duk an jera su daidai: Makka, Jidda ta Sulaimaniyya, filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz, birnin tattalin arziki na Sarki Abdullah, da Madina. Har bayanin cewa an buɗe layin a 2018, tsawonsa kilomita 450, jirgin yana gudun kilomita 300 a awa, duk sun kwafo sun liƙa. Ku gaya mini wane ne zai ga wannan ya ce ƙarya ne?

Mu biyar ne: ni, mai ɗakina, Hajiyarmu, ƙanwata da kawunmu. Saboda Hajiya na nace a kan jirgin ƙasa. Gwiwarta ba ta barinta zaman mota mai tsawo, kuma tafiyar da mota ke yi a awa huɗu zuwa biyar jirgin yana yin ta a awa biyu da 'yan mintoci. Lokacin azumi ne, kowa ya san yadda kujeru ke ƙarewa. Sai na ce bari in kama tun muna gida, daga Madina zuwa Makka, sannan daga Makka zuwa filin jirgin Jidda ranar komawa. Riyal 400 kowane mutum, 2,000 ke nan, suka ɗora harajin kashi 15 cikin ɗari, riyal 300, ya tashi 2,300. Wannan harajin ma yana cikin abin da ya kwantar mini da hankali, don na san da gaske kashi 15 ake karɓa a Saudiyya tun 2020. Ɓarawon da ya zauna ya lissafa maka haraji daidai, ai ba ƙaramin ɓarawo ba ne.

A tashar Madina abin ya fashe. Ni da kawu mun riga mun ɗaura harami tun daga masauki, Hajiya tana kan keken da muke tura ta, jakunkuna a gabanmu. Na ɗora wayata a kan na'urar ƙofar shiga, ta ƙi buɗewa. Na ƙara hasken wayar, na sake ɗorawa, shiru. Mutane sun yi layi a bayanmu. Ma'aikacin wurin ya karɓi wayar ya duba, ya kai mu wurin masu sayar da tikiti, aka buga lambar a kwamfuta, aka buga lambar fasfona, aka buga ta Hajiya. Babu. Babu sunan ko mutum ɗaya daga cikinmu, a wannan jirgin ko a wani. Mutumin bai yi mana wulaƙanci ba, gaskiya, a hankali ya ce wannan takarda ba daga wurinsu ta fito ba. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Hajiya ta ɗago kai ta ce, “Kai, lafiya dai ko?” Na ce, “Lafiya lau Hajiya, na'urarsu ce ta samu matsala.” Da harami a jikina, da azumi a bakina, ga abin da ya fito daga bakina ke nan saboda kada hankalinta ya tashi. Wannan ma yana wuyansu.

Na tsallake wani abu, bari in koma. Da na zo biya a shafin, katina ya ƙi wucewa. Nan take wani ɗan akwatin hira ya buɗe a ƙasan shafin, aka nemi lambar wayata don a taimaka mini. Ba a jima ba kira ya shigo ta WhatsApp. Da sallama ya fara, cikakkiya, sannan ya juya Hausa tsantsa. Hausa! Ya ce shi wakili ne mai kula da alhazai masu jin Hausa. Ya ce, “Alhaji, kada ka damu, katunan waje haka suke yi a lokacin azumi saboda cunkoso. Ka tura ta asusun da zan ba ka, ni zan fitar maka da tikitin da hannuna.” Na tambaye shi me ya sa asusun yake da sunan mutum ba sunan kamfani ba. Na tambaya, wallahi na tambaya. Ya ce na ma'ajin ofishinsu ne, kuma rasit zai zo da hatimi. Ya zo da hatimin kuwa.

Amma abin da ke hana ni barci shi ne wannan. Da na tura masa hotunan fasfo ya ga shekarun Hajiya, sai ya ce, “Alhaji, mahaifiyarka ce? Allah ya ƙara mata lafiya, ya sa ka gama da ita lafiya. Zan sa muku kujeru kusa da ƙofa don kada ta wahala.” A nan ne na saki jiki. Kusa da ƙofa don kada ta wahala. Kullum sai maganar nan ta dawo mini, da muryarsa, da yadda ya ja addu'ar a natse. Ni ban ce masa tana da ciwon gwiwa ba a lokacin, shi ya fara kawo zancen wahalarta. Mutum ya yi wa mahaifiyarka addu'a, ya nuna ya damu da ita, a watan azumi, a kan tafiyar ibada, ta ina za ka kawo cewa hannunsa yana cikin aljihunka? Na kashe wayar har ina gaya wa mai ɗakina cewa Allah ya haɗa mu da mutumin kirki. Riyal 2,300 na tura a daren, ina sa masa albarka.

Su 450 ɗin kuma kafin mu tashi ne, ko in ce bayan tikitin farko ya iso, don na tuna na riga na tura wa kawu nasa. Ya sake kira ya ce akwai kuɗin keken Hajiya da na ƙarin kaya, kuma zai haɗa mana da izinin shiga Rauda. Sai da muka isa Madina na ga da idona cewa izinin Rauda ta manhajar Nusuk ake samunsa, kuma kyauta ne, ko sisi ba a biya. Da na kira shi a kan haka ya ce wancan na gama-gari ne, namu na musamman yana tafe. Har ranar yana ɗaukar wayata, yana ce mini Alhaji, yana tambayar jikin Hajiya. Har daren da za mu tafi tasha ya turo saƙo yana mana fatan Umra karɓaɓɓiya.

Daga bakin ƙofar tashar na kira shi, wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Na tura saƙo, alama ɗaya ta tsaya. Hoton da ke kan lambar ya ɓace. Ya toshe ni ke nan. Shafin ma da na buɗe da daddare ya daina aiki, ko sama ko ƙasa.

Kujeru biyar ba su samu ba a jiragen ranar. Mota muka ɗauka, muka tsaya a miƙatin Zulhulaifa, muka kama hanya. Hajiya ba ta ce uffan ba duk tsawon tafiyar, sai dai ina kallonta ta madubi tana gyara ƙafar, tana matsa gwiwar da hannu, tana jan carbi. Da muka isa Makka sai da ni da ƙanwata muka tallafe ta kafin ta iya sauka. Daga baya kawu ya gaya mata gaskiya. Abin da ta ce mini kawai shi ne, “Ka bar su da Allah.” Na bar su da Allah, amma hakan ba zai hana in tona musu asiri ba. Riyal 2,750, ban da kuɗin mota, ban da tikitin Jidda da na sake saya a tashar Makka da ke Rusaifa.

Wani abokina ya ce wai da na ga asusun mutum ɗaya ai sai in tsaya. Faɗa da baki ba wuya. Kai ba ka ga shafin ba, ba ka ji muryar ba, ba ka ga tikitin ba. Tikitin yana da sunana daidai da na fasfo, da lambar tarago, da lambar kujera, da lokacin tashi, da hoton lambar nan mai murabba'i da ake ɗorawa a na'ura. Lokacin tashin ma na gaske ne, akwai jirgi a wannan sa'ar, a kan idonmu mutane suka shige shi. Waɗannan mutane sana'a suka ɗauki abin, sun zauna sun tsara shi, sun san wa suke nema: mai tafiya da tsoho, mai gudun kada kujera ta ƙare, mai jin sanyi a ransa idan aka yi masa magana da harshensa a kan ƙasar da ba tasa ba.

Ga kuma fasfo ɗinmu biyar a hannunsu, hotuna tas, da lambar katina da na shigar a shafin nasu. Katin na sa an rufe shi. Na kai ƙorafi banki, na cike takarda, ina jira. Fasfo ɗin ne ban san me za su yi da su ba, kuma wannan yana damuna kusan kamar kuɗin.

Ina da komai a ajiye: hoton shafin, hirarmu daga farko har ƙarshe, saƙonnin muryarsa, rasit mai hatimi, shaidar tura 2,300 da ta 450. Zan ɗora su da zarar na rufe lambobin fasfo da sunayen iyalina. Ku saurari muryar da kyau idan na sa, wataƙila wani ya gane ta.

Mai son tikitin jirgin Haramain ya rubuta sar.hhr.sa da hannunsa, ko ya sauke manhajar HHR Train, ko ya saya a tasha. Kada ku danna talla. Duk wanda ya ce ku tura kuɗi asusun mutum, ku kashe wayar, ko da ayar Alƙur'ani ya buɗe zancen. Wanda kuma aka yi wa irin wannan da sunan wakilin masu jin Hausa, ya yi mini magana mu haɗa hujjojinmu wuri ɗaya mu kai gaba.