Komin Kirsimeti: na rai ko na mutum-mutumi?

Hanya biyu Kiristoci ke bi wajen nuna haihuwar Yesu a Baitalami, kuma dukkansu daga Italiya suka yaɗu.

Ta farko ita ce ta rai. A daren Kirsimetin 1223, Waliyyi Faransis na Assisi ya sa aka kawo komi cike da ciyawa, irin wanda Linjila ta ce an kwantar da jariri Yesu a ciki, da sa da jaki na gaske, cikin wani kogo a ƙauyen Greccio. Mutane suka zo da kyandirori da fitilu, aka yi ibada a wurin. Burinsa talaka ya ga talaucin da aka haifi jaririn a ciki da idonsa. Ni dai wannan ta fi taɓa zuciyata, ko da yake dare ɗaya ne, gari na wayewa an watse.

Ta biyun kuwa, ta mutum-mutumi, mai ɗorewa ce. Wajen 1291 Arnolfo di Cambio ya sassaƙa Yusufu mijin Maryamu da masanan nan uku da suka zo gaida jaririn da dutsen marmara a cocin Santa Maria Maggiore da ke Rum. A ƙarni na 18 mutanen Napoli suka ƙawata abin, suka cusa mutum-mutumin masu sayar da kifi da mahauta kewaye da komin. Har yau masu sana'ar yin mutum-mutumin suna nan a titin San Gregorio Armeno da ke Napoli, ana ciniki rani da damina.