Na sa an yi wa fayafayan Arthur Alexander kuɗi: sharhi a kan shagon da ya duba mini su

Duk mai tara fayafayan garmaho, wata rana sai ya so sanin nawa abin da ke cikin akwatinsa zai yi a kasuwa, ko da kuwa ba shi da niyyar sayarwa. Ni abin da na fi tarawa shi ne fayafayan Arthur Alexander, kuma a bana na biya wani shagon tsofaffin fayafayai da ke arewacin Ingila ya kimanta mini su daga nesa, ta hotuna da bidiyo. Aikin ya ci kuɗinsa, zan kuma iya tura wani wurinsu, amma da sharuɗɗa.

Na san da yawa ba su taɓa jin sunan mutumin ba, kuma wannan shi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Baƙar fata ne ɗan jihar Alabama ta Amurka, an haife shi a 1940. Yana aikin ɗaukar kaya a otal ya rubuta "You Better Move On", Rick Hall ya naɗe ta a 1961 a wani tsohon sito na taba a Muscle Shoals, kamfanin Dot ya fitar da ita. Da ribar wannan waƙa Hall ya gina situdiyon FAME, inda daga baya Aretha Franklin da Wilson Pickett da Etta James suka je suka yi aiki. Beatles sun sake rera waƙarsa "Anna" a babban faifansu na farko a 1963, Rolling Stones suka ɗauki "You Better Move On" a 1964, Bob Dylan ya ɗauki "Sally Sue Brown" a 1988. Shi kuwa mai waƙoƙin, shekaru ya yi yana tuƙa bas a birnin Cleveland. Ya dawo da sabon faifai a 1993, ya rasu a watan Yunin wannan shekarar a Nashville yana da shekara 53. Muryarsa ba ta ihu ba ce. A hankali yake waƙa, kamar mai ba da haƙuri alhali shi aka cuta, kuma a tsohon faifai na mono, mai fitar da sauti ta hanya guda, muryar tana tsaye a tsakiyar ɗaki fiye da yadda take fita a waya.

Yadda shagon ke aiki ba wuya. Za ka biya kuɗin duba kowane faifai, su turo maka jerin hotunan da suke so: gaba da bayan kwali, takardar tambarin da ke tsakiyar faifai ta kowace fuska, sai fuskar faifan an karkata ta a ƙarƙashin fitila mai ƙarfi don ƙarce ya bayyana. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne hoton filin nan mai santsi da ke tsakanin ƙarshen waƙa da takardar tambari. A nan ake kartar lambobi da alamomin masana'antar da ta buga faifan, wasu da hannu, wasu da hatimi. Sai da na fita tsakar gida da hantsi, na jingina faifan a kan matashi, na bar rana ta faɗo masa ta gefe, sannan rubutun ya fito a kyamarar waya.

Wannan hoton kuwa shi ne ya fi kowanne amfani. A jikin ƙaramin faifaina na "You Better Move On", mai juyi 45 a minti, mai dubawar ya nuna mini wata 'yar alwatika da lamba a gabanta, ya ce alamar masana'antar Monarch ce ta Los Angeles. Ya ƙara da cewa faifan ba na roba irin ta binil ba ne, na wata roba ce mai gautsi da ake kira sitayirin, wadda kamfanonin Amurka suka yi ta amfani da ita a ƙananan fayafayai saboda arha. Ya ce in ƙwanƙwasa gefensa da farce. Na ƙwanƙwasa, ya yi ƙara siririya, ta binil kuwa a dushe take. Ya ce in shafa bakin takardar tambarin, zan ji tudu, domin manna ta aka yi da gam, ba a matse ta tare da robar ba. Haka na ji. Amfanin sanin wannan shi ne, sitayirin yana iya ɗaukar ido yana sheƙi kamar sabo alhali tsohuwar allura mai nauyi ta riga ta cinye cikin layukansa. Ka sa shi a na'ura, da mawaƙi ya ɗaga murya sai ka ji tana karcewa, kuma babu wankin da zai gyara wannan. Nawa yana da wannan matsala kaɗan a ƙarshen waƙar, tun daga hannun masu shi na baya. Na tura musu sautin da na ɗauka, suka sauke masa daraja da mataki ɗaya. Ban ji daɗi ba, amma gaskiya suka faɗa.

Batun matakan daraja yana buƙatar a tsaya a kansa, domin a nan mai saye daga nesa ke shan ruwa. Amurkawa suna bin ma'aunin mujallar Goldmine, inda ake saukowa daga M, wato wanda ba a taɓa ba, zuwa NM, wato kusan sabo, sai VG+, sai VG, wato mai kyau sosai, sai G, mai kyau kawai. Turawan Ingila kuwa suna da wani mataki da suke kira EX a ƙasan na ƙoli, kuma ba daidai yake faɗawa a kan na Amurka ba. Rahoton farko da shagon ya turo mini da ma'aunin Ingila aka rubuta shi, ba tare da an ce komai ba. Sai da na tambaya suka sake jera mini shi da na Goldmine, wanda shi ne ake amfani da shi a Discogs, shafin intanet na cinikin fayafayai inda yawancinmu ke saye. Ya kamata a ce tun farko sun tambayi inda nake ciniki. Tsakanin mataki da mataki farashi yana iya faɗuwa warwas, don haka wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Faifaina na "Anna" bugun Ingila ne, na kamfanin London, wanda shi ke fitar da kayan Dot a can a lokacin. Ƙananan fayafayan Amurka babban rami gare su a tsakiya, na Ingila kuwa ƙaramin rami ne a cikin wata 'yar cibiya da ake iya ɓallewa. Tawa cibiyar tana nan ba a ɓalle ta ba, kuma suka ce wannan kaɗai ya ɗaga shi sama da irinsa da aka ɓalle don saka wa a na'urar kiɗa ta mashaya. Babban faifansa na 1972 da Warner Bros. ta fitar kuwa, sun tabbatar bugun farko ne, da koriyar takardar tambari irin ta wancan lokacin. A cikinsa "Burning Love" take, wadda Dennis Linde ya rubuta, Arthur ya riga Elvis Presley fitar da ita, amma ta Elvis ce ta kai lamba 2 a jadawalin Billboard a wannan shekarar. Kwalin nawa yana da 'yar yanka a kusurwa, alamar da kamfani ke yi wa kayan da suka yi kwantai kafin a karyar da su. Wannan ta rage masa kuɗi. Ni kuwa ba zan canza shi da marar yanka ba, domin ita ce shaidar yadda kasuwa ta yi da mutumin.

Jimillar kuɗin da suka yi wa kayana ba ta da yawa, kuma sun bayyana dalili ba tare da kwana-kwana ba. Farashin tsohon faifai yana bin ƙarancinsa da yawan masu nemansa da lafiyarsa. Waƙoƙin Arthur na Dot sun sayu a zamaninsu, don haka akwai su da yawa, masu farautarsu kuma kaɗan ne. Wanda suka ce in buɗe ido a kansa shi ne faifansa na farko na 1960 a ƙaramin kamfanin Judd, na Jud Phillips ɗan'uwan Sam Phillips mai Sun Records, inda aka rubuta sunansa June Alexander. Mai neman "Arthur" kawai zai iya wuce shi bai sani ba. Sun kuma ambaci na tsakiyar shekarun 1960 a Sound Stage 7, waɗanda ba su sayu sosai ba. Wannan shawara ba ta cikin abin da na biya, kyauta suka ba ni, kuma ta fi mini alƙaluman amfani.

Inda suka gaza ba ɓoyayye ba ne. Amsa tana jinkiri, wani lokaci sai ka sake tuntuɓa. Na biyu, shagon da ke kimantawa shi ne kuma ke saye, kuma a ƙasan rahoton sai ga tayi ya biyo baya, ƙasa sosai da kuɗin da su da kansu suka rubuta a sama. Na san dillali dole ya ci riba, amma wanda zai saya bai kamata ya zama shi kaɗai ne mai yanke daraja ba. Na ɗauki matakan da suka ba ni na je Discogs na duba tarihin cinikin kowane bugu, inda ake nuna mafi ƙarancin farashi da na tsakiya da mafi tsada, na ga ƙiyasinsu yana kusa da na tsakiya. Wannan ya kwantar mini da hankali, kuma ina ba kowa shawara ya yi haka.

Na uku, kuɗin da suka faɗa na kasuwar Ingila ne, da fam. Mai zaune a Kaduna ko Kano ko Maradi sai ya cire kuɗin aike da inshora da haɗarin hanya, kuma a ƙaramin faifai ɗaya kuɗin aiken yana iya fin faifan. Ba su kuma yi la'akari da yanayinmu ba. Da na tambayi yadda zan adana, amsarsu ta danshi ce da ruwan sama, alhali mu zafin bazara ne ke lanƙwasa faifai, ƙurar hunturu kuma ta shige cikin layuka. Wani dattijo mai gyaran rediyo da ke duba mini na'ura shi ya fi su sanin wannan. Ya ce, "Alhaji, a tsaye za ka jera su, kada ka ɗora wani kan wani, ka nisanta su da bangon da rana ke duka, kuma ka goge kafin allura ta hau." Ya kuma rage mini nauyin hannun allurar saboda na sitayirin ɗin.

Wanda ya gaji akwatin fayafayai bai san kansu ba, ko mai shirin sayen faifai mai tsada daga hannun wani, wannan aiki zai amfane shi, muddin ya tura sauti tare da hotuna, ya kuma faɗi ma'aunin da yake so tun farko. Mai fayafayai na gama-gari kuwa ya riƙe kuɗinsa, Discogs da fitila mai kyau sun ishe shi. Tayin sayen na ƙi shi. Na dai bar musu saƙo cewa idan na Judd ɗin ya shigo shagonsu, ko da a matakin VG ne, su turo mini hoton lambobin da sautin fuska biyun kafin su sa shi a kanta.